Angarib Ɗin da Daya Ta Ƙi

Wata uku ke nan da aka buɗe warshar liham a bakin layinmu, masu haɗa ƙarfe da wuta, kuma tun ranar kunnena bai huta ba. Ana idar da asuba yaran za su tada injin yankan ƙarfe, ƙiiii, har la'asar. Gadajen ƙarfe suke yi, su shafa musu shuɗin fenti, su saƙe da igiyar roba mai launi-launi, kafin azahar an jera goma a bakin hanya. Ban ce ba su da kyau ba, jikokina ma a kansu suke kwana. Amma daidai inda suka kafa injin nan, nan rumfar Usta take a da, inda na koyi sassaƙa, shi ya sa in ƙarar ta shigo min sai in tuna irin ƙarar da wurin yake yi a lokacinmu.

A wancan zamani unguwarmu duk gutiya ce, ɗakunan ciyawa masu tsinin kai, da dangar kara. In gari ya waye daka za ka fara ji, turmi yana amsa wa turmi daga wannan gida zuwa wancan, matanmu suna dakan geron godo-godo, irin furarmu ta nan, da za a kai kasuwa. Sai masu jakin ruwa su shigo suna kira, don Gadarif ba ta taɓa ƙoshi da ruwa ba, ko da damina. Can bayan unguwa akwai raƙumin da ke juya matsar man riɗi, an ɗaure masa ido, itacen matsar yana kuka iii-aaa, iii-aaa, wuni guda. Jirgin ƙasa ya yi kukansa daga tasha, karnuka su amsa. A cikin duk wannan akwai gizagon Usta, kaf, kaf, kaf, ba ya sauri ba ya tsayawa. Inna takan ce in ta ji gizagon nan ya yi shiru ta san azahar ta yi, ba sai ladan ya gaya mata ba. Yanzu ba turmi, sai injin niƙa. Raƙumin ma ban san shekarar da aka kwance shi ba, wata rana dai na lura na daɗe ban ji shi ba.

Ni kuwa a lokacin ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Aji huɗu na yi a madrasa na ce halas, ya ishe ni. Baba ya yi duka, ya yi lallashi, ya gaji ya zuba min ido. Na bi jakin ruwa kwana ashirin na bari. Na yi dako a kasuwar amfanin gona, buhu uku na ɗauka wuyana ya ce a'a. Na bi wata lori har Mafaza na dawo da zazzaɓi. Abu ɗaya ne ban taɓa gajiya da shi ba, wuƙa da ice. Duk inda na zauna sai ka ga ɓawo ya taru a gabana. Wasa nake, ba na ɗauke shi aiki ba. Sai wata rana maburgin Haboba ya karye, Haboba ita ce kakata da ta haifi Baba, na sassaƙa mata wani da reshen magarya. Ta juya shi a miyar kuɓewa ta ce, "Ashe mijin nan nawa yana da amfani ko na kwana ɗaya." Maƙwabta suka gani, wannan ta ce a yi mata, waccan ta ce muciya take so. Kafin damina ta fita ina shimfiɗa buhu a gefen 'yan kayan miya, maburgi, muciya, koshiya, da 'yan lorin ice na yara. Abin shan shayi dai yana fita, ba fiye da haka ba.

Neman guntayen ice ne ya kai ni rumfar Usta. Dattijo ne, Bahaushe, mahaifinsa da ƙafa ya taho daga yamma zai je Makka, ya tsaya noma a nan don ya sami guzuri, noman bai ƙare ba har ya mutu. Usta angarib yake yi, gadon nan na ice mai saƙar igiya da kowane gida ke da shi, sai bambar, 'yar kujerar mata mai saƙa. Ba ya koyarwa da baki. Zai yi sara biyu ya ɗago kai ya ce, "Ka gani?" In ce na gani. Ya ce, "Ba ka gani ba, sake kallo." Ba shi da abin awo, kamu da taƙi ne awonsa, kuma ban taɓa ganin ƙusa ɗaya a rumfarsa ba. Rami yake hudawa a ƙafar gadon, ya fere bakin sanda ya zura, sai igiya ta ɗaure komai. In ka kama angarib ɗinsa kafin a saƙa, lagwai-lagwai yake yi kamar zai watse.

Gaskiya a raina na rena wannan aiki. Dalili, ina kuma leƙa wata babbar warsha kusa da tasha, inda ake yi wa ma'aikatan hukuma tebur da kabad. Su suna da ƙusa kwali-kwali, suna da gira, wani manne da ake dafawa a gwangwani mai warin fata, suna da warnish da ke sa katako ya yi ƙyalli har ka ga fuskarka. Tebur ɗinsu in ka tura shi ko motsi. Na ce wannan shi ne aiki, Usta tsufa ne ya bar shi a baya. Ga ni da mastarata ta awo da na fito da ita daga madrasa, ita kaɗai ce ribar aji huɗun nan, ina yawo da ita a aljihu kamar wani muhandis, wato injiniya.

Ana cikin haka, ƙarshen damina, Yaya ta zo daga Mafaza goyon ciki. Ita ce babbarmu, kuma cikin fari ne. Al'adar gidanmu, mai haihuwar fari sabon angarib ake yi mata, a kai za ta haihu, a kai za ta yi arba'in. Lokacin kuma riɗi ya kusa nuna, kuma riɗi ba ya jiran kowa, in ka yi jinkirin kwana kaɗan zai fashe ya zube a ƙasa. Kawu, ƙanen Inna, shi ne wakilin wani mashru a Simsim, irin manyan gonakin nan da ido ba ya ganin ƙarshensu, yana ta tara masu yanka. Muna cin tuwo da rana Baba ya ce, bai ko kalle ni ba:

"Kawunka na neman hannu. Lorinsa za ta tashi nan da Asabar uku. Na ba shi sunanka."

Na ce, "Baba, ai ina da sana'a."

"Wace? Ta muciya?"

Ƙannena suka tuntsire. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina, na ce angarib ɗin Yaya ma kada a saya, ni zan yi.

Baba ya suɗe hannu a hankali. Ya ce, "Tayyib. Ni zan sayi icen da igiyar. In yayarka ta haihu a kan gadon da ka yi, ka zauna da icenka, ba zan ƙara yi maka maganar mashru ba. In ba ta haihu a kai ba, ka hau lori. Ka ji sharaɗin?"

Na ce na ji. Haboba daga bakin ɗakinta ta ce, "Ni ma na ji, kada wani ya zo yana min kuka."

Ba tsoron aiki ne ya sa ba na son Simsim ba, ko da yake akwai shi. Na ga samarin unguwarmu da suka fara hawa lorin nan. Ka yanki riɗi, ka zarce yankan dawa, ka dawo ka cinye abin da ka samo kafin ruwa ya sauka, ka sake hawa lori. Ba wanda na ga ya sauka daga wannan lorin ya kama wani abu daban.

A rumfar Usta na yi aikin, da icen bagaruwa busasshe, wanda a nan ake ce wa sunut. Ƙafafun na fere su a gabansa, ya duba ya ce ba laifi. Daga nan na bi kaina. Kowane rami na auna shi da mastara, na matse shi yadda sai da guduma sanda take shiga. Na samo gira a gwangwani na dafa na zuba. Na bi kowace kusurwa da ƙusa uku-uku, na ƙara 'yan katako a ciki na tokare. Usta yana zaune yana shan jabana, wato gahawa, yana kallo. Sai da na buga ƙusa ta ƙarshe ya ce:

"A ina za a ajiye shi?"

Na ce, "A gutiyar Inna mana."

Ya ce, "To."

Na saƙa igiyar kaba kwana biyu, na shafa warnish, na ɗauke shi na kai barandar wani kanti mai daɓen siminti na gwada. Ƙafa huɗu suka zauna daram. Na hau na yi tsalle, ko ƙis. Mutane suka tsaya suna kallo, wani ma ya tambayi kuɗinsa. Ran nan da ƙyar na ga ƙasa don girman kai.

Kashegari daya ta zo duba Yaya. Ita ce ungozomar unguwa, ta yi karatun abin a asibiti, tana yawo da akwatin ƙarfe fari da ba mai taɓa shi. Mace ce ƙatuwa, in ta shigo ƙofar gutiya haske yakan ɗauke, kuma rabin unguwar nan a hannunta muka faɗo, har da ni, don haka ba ta jin nauyin kowa. Ta gama da Yaya, Inna ta nuna mata sabon gado a gefen ɗaki tana murmushi. Ni ina bakin ƙofa ina jiran yabo.

Daya ta ce, "Ma sha Allah, wannan ƙyalli haka, amarya za a kawo ko haihuwa za a yi?"

Ta juya ta zauna a bakinsa. Gadon ya yi gwaf, ƙafar can ta baya ta ɗaga sama. Ta matsa tsakiya, ya koma gwaf ta ɗaya gefen. Ta sake matsawa, gwaf. Ta zauna tana kallona, gadon yana rawa a ƙarƙashinta.

"Wane ne ya yi wannan?"

Haboba ta ce, "Mijina ne, muhandis."

"Ya walad, kai yaro, zo nan. Raƙumi ka yi mana ko gado?"

Na ce ƙasar ɗakin ce ba daidai ba, gadon lafiyarsa ƙalau, na gwada shi a kan siminti.

"A kan siminti yayarka za ta haihu?"

Na ruga na ɗauko katangar tukunya na cusa ƙarƙashin ƙafar da ke lilo. Ya tsaya. Na ce ga shi nan. Ta sa ƙafarta ta ɗan tura gadon, katangar ta fice, gwaf.

Ta daina dariya. Ta ce wa Inna, "Hajiya, mace mai naƙuda ba kwance take kamar gawa ba. Za ta juya, za ta dafe, za ta taka. Ni ina riƙe da kan yaro gado ya tuntsura min? Wallahi ba zan ɗora 'yar mutane a kan wannan ba. Ku fito min da tsohon na Hajiya babba." Ta ɗauki akwatinta ta tafi.

Abin da ban yi tunani ba, kuma a kansa aka haife ni, ita ce ƙasar Gadarif. Baƙar laka ce. Da damina ta kumbura ta kama takalminka ta ƙi saki, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa. Daɓen gutiya ko yau aka lallaɓe shi, bayan wata guda nan ya tashi can ya faɗa. Ba ɗaki ɗaya a unguwarmu da ƙasarsa take kwance sumul.

Na koma wajen Usta kamar in yi kuka. Bai ce na gaya maka ba, don bai gaya min ɗin ba. Ya tashi ya jawo wani angarib nasa ya kai bakin hanya, inda tayar lori ta kwaɓe laka ta bushe tudu da kwari, ya ajiye. Ƙafa ɗaya tana sama. Ya ce in zauna. Ina zama gadon ya yi ƙara, ƙiiƙ, ya ɗan murɗe, ƙafa huɗun duka suka taka ƙasa. Na girgiza, bai motsa ba.

Ya ce, "Ramin nan da kake gani da sako-sako, ba rashin iyawa ba ne. Wuri na bar masa ya motsa. Nauyin mutum ya danna, igiya ta ja, shi ya nemi ƙasa da kansa. Naka ka ɗaure shi ko'ina, ta ina zai nemi ƙasa?"

Na ce, "Usta, me ya sa ba ka faɗa min ba tun ina bugawa?"

"Na tambaye ka inda za a ajiye shi."

Saura kwana shida lori ta tashi, Yaya kuma yau ko gobe. Na kwance saƙar kwana biyu cikin sa'a guda. Girar nan sai da ruwan zafi take saki, na ƙarar wa Inna da rabin tulu, tana faɗa tana cewa ruwan saye ne ba na rafi ba, amma ita take ɗora min tukunyar. Ƙusa kuwa in ta shiga busasshen sunut ba ta son fita. Na zare tara lafiya. Ta goma, a jikin doguwar sanda, na danna da ƙarfi don sauri, sai na ji tsss, sandar ta tsage tun daga baki har kusan rabi. Na zauna a ƙasa. Usta ya shiga bayan rumfa ya jawo wani ice da ya shekara biyu yana bushewa, ba a taɓa sassaƙa shi ba, ko ɓawo ba a cire ba, ya jefo min da gizago. Na ce ya taimaka ya fere min, hannunsa ya fi sauri. Ya ce, "Babanka cewa ya yi gadon da ka yi."

Ina kan wannan sanda, kwana na biyu da hantsi, na ji guɗa daga wajen gidanmu. Ban tashi ba. Na san ta mece ce. Can ƙanwata ta zo da gudu ta ce Yaya ta sauka, mace, lafiya lau, a kan tsohon angarib ɗin Haboba. Na ce alhamdu lillahi, kuma har raina na faɗa, amma gizagon sai da ya yi min nauyi. Usta ya ce, "Barka. Ci gaba, gefen nan bai faɗa ba."

Ban san abin da ya sa na ƙarasa ba, tunda magana ta riga ta ƙare. Na dai ƙarasa. Na buɗe ramukan yadda sanda za ta shiga da bugun tafin hannu, na kankare warnish ɗin da ya rage don ya yi dabbare-dabbare, na sake saƙa. Ranar Juma'a da yamma na kai shi gida na ajiye a gutiyar Inna. Ba kyau kamar na farko, ga ramukan ƙusa nan baƙi-baƙi a kusurwa.

Bayan magariba na sami Baba a kan buzunsa. Na ce gadon ya gyaru. Ya ce ya gani. Na ce to maganar lori fa.

"A kan wane gado ta haihu?"

"Na Haboba."

"To me kake tambayata?"

Haboba ta sa baki, ta ce a yi wa mijinta afuwa, ai ya sha wuya. Baba ya ce mata, "Ai ke kika ce kin ji sharaɗi." Ta koma ɗakinta. Ni ma na tashi. Baba bai taɓa faɗin magana ya janye ba, kuma da ya janye ran nan ban san yadda zan riƙa kallonsa ba.

Asabar da safe na ɗaure bargona da lauje, ina tsakar gida ina shan shayi, daya ta shigo wankan jaririya. Ta shiga ɗaki, na ji ta ce, "Af, raƙumin ya dawo?" Sai na ji ƙiiƙ. Shiru. Na sake jin ƙiiƙ, da alama ta koma ɗaya gefen. Na ajiye kofin. Can ta ce wa Inna, "Ku maido da mai jego nan, ku ba tsohuwa gadonta." Ta leƙo ta ce, "Ya walad, igiyar wajen ƙafa ta yi sako, ja ta kafin ka tafi yawonka." Na shiga na ja, Yaya tana min dariya, ta ce suna ya kusa, kada in ce ban san an yi ba.

Da daya ta fito ta tarar da Baba a zaure zai raka ni. Ta ce, "Alhaji, ina za ka kai min najjar, masassaƙin nan namu? Bambar nake so guda biyu, gajeru, na zaman karɓar haihuwa. Na kasuwa duk sun yi min tsawo, bayana ya gama ciwo."

Baba ya ce, "Simsim za shi. Riɗi da dawa, wata uku."

"To ni fa?"

"In ya dawo sai ya yi miki. Aikinsa ne, ba inda zai gudu."

Ban taɓa jin Baba ya kira abin nan aiki ba sai ran nan, kuma ba ni ya gaya wa ba, daya ya gaya wa, yana neman takalminsa. Muka fita har inda lori take, ya ce min Allah ya kiyaye hanya.

Na yi wata ukun cur. Riɗi ya yanke min hannu, sauro ya ci rabonsa, ban ga suna ba, ban ga arba'in ba. Ranar da na dawo ban kwana ba sai da na je rumfar Usta na zaɓi ice. Na yi bambar biyun, na kai wa daya har gida. Ta ajiye ɗaya a tsakar gidanta, ta zauna, ta miƙa hannu gaba kamar mai karɓar yaro, ta ɗan jima a haka.

Ta ce, "Ya yi tsawo. Rage yatsa biyu."

Na koma na rage.